Indumati Phadke da Jarin Jiragen Caca

Ina 'yar shekara takwas na fara jin sunan Indumati. Mahaifiyata ce ta ambace shi tana murza gurasa a kicin ɗinmu na Sangli, a ƙasar Indiya, tana ce wa Baba, "Duk danginku Indumati ce kaɗai ta iya tsufa. 'Ya'ya biyu na kokawa a kanta kamar kujerar bakin taga a jirgi." Na tambaye su wace ce Indumati, suka yi mini dariya. Ashe yayar Baba ce, wadda ban san ta da wani suna ba sai Atya, yadda muke kiran goggo.

A Miraj aka haife ta, a nan kuma ta auri Madhukar Phadke, mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa. Shekara talatin da huɗu suka yi a gidan ma'aikatan reluwe, ɗaki biyu da famfo a tsakar gida. Ta haifi Milind da Shirish, ta karantar da su da albashin nan da kuma ɗanyen mangwaron da take jiƙawa da mai da barkono duk bazara tana sayar wa maƙwabta. Madhukar bai taɓa riƙe karta ba. Ko masu tallar takardun caca a bakin tasha in suka tare shi, kau da kai yake yi.

Shekarar da ya yi ritaya, kuɗin sallamarsa ya fito ana saura kwana uku Diwali, bikin fitilu. Ranar bikin, kasuwar hannun jari a rufe take, in ban da sa'a guda tak da yamma, bayan an kunna fitilu an gai da Lakshmi, abar bautar da ke rabon arziki. A sa'ar nan mutum yakan sayi hannun jari ɗaya ko biyu don neman albarka, kuma a gidaje irin namu abin da aka saya a lokacin ba a sayar da shi, ajiye shi ake yi kamar azurfar ɗakin bauta. Madhukar ya sa sabuwar riga, ya tafi wajen dillali, ya zuba kuɗin sallamar kaf a kamfanin da ke da jiragen ruwa na caca a kogin Goa.

"Baban Milind, ɗaya ko biyu fa ake saya," in ji Indumati. "Kuma duk duniya sai gidan caca?"

"Ni ba caca na yi ba. Mai caca shi ke asara, mai jirgi karɓa kawai yake yi. Shekara talatin ina bayan taga, ban taɓa ganin ranar da layi ya ƙare ba."

Bayan shekara biyu ciwon zuciya ya ɗauke shi. Abin da ya saya rupi tamanin a lokacin ya kai ɗari uku da ashirin. Jarin ya koma sunan Indumati, amma ba ta da gida, don reluwe ta karɓi nata tun ritaya, haya suke zaune. Ba a gama kwanakin makoki ba 'ya'yan suka ce ba za su bar Aai, uwarsu guda, a gidan haya ba. Aka raba ta, wata shida a Pune wajen Milind, wata shida a Kolhapur wajen Shirish.

A takardar dillali akwai layi guda inda ake rubuta sunan wanda zai karɓi jarin in mai shi ya mutu. Indumati ta bar layin fari, ta naɗe takardar ta sa a jakar da take ajiye tabarau. Ta san abin da take yi sarai. A Pune takan ce Shirish abin tausayi ne, ga 'yan mata biyu aurensu na tafe. A Kolhapur takan ce babba dai babba ne, ko yaya halinsa. Milind ya ba ta ɗakin da ke da banɗaki a ciki. Shirish ya kai ta ziyarar wurin bauta na Pandharpur a motar haya, ya biya aka ɗauke ta a kujera. Matar Milind, Anagha, ta taɓa sake mata shayi sau uku a safiya ɗaya, na farko ya yi zaƙi, na biyu ya huce. Indumati ta sha na ukun tana kallon ta, ta ce, "Matar Shirish ba sai an faɗa mata ba."

Shekara goma aka yi haka. Sai gwamnati ta ɗaga harajin caca, aka kuma fara shari'ar a kwashe jiragen daga kogin. Cikin mako guda farashi ya sauko ɗari biyu da arba'in. Milind ya zo ya zauna a gefen gadonta da wayarsa a hannu.

"Aai, a sayar. Yau ɗin nan."

"A sa'ar Diwali ubanku ya saya."

"Ɗaya ake ajiyewa don albarka. Ki bar ɗaya, ki bar goma ma."

"Bai ware ba, ni ma ba zan ware ba. Wace ce ke sayar da Lakshmi don ta ga ta rame?"

"Lakshmin da ke kwana a jirgin caca? Wannan ai ba baƙuwar ɗakin bauta ba ce."

Ta juya masa baya. Gaskiya ne tana tsoron saɓa al'adar, amma akwai wani tsoron a ƙarƙashi: in aka sayar kuɗi ne, kuɗi kuwa raba su ake yi a zama ɗaya, daga nan ba wanda zai sake tambayar ta ko ta ci abinci.

Kullum tara da kwata, in kasuwa ta buɗe, gidan kan taru gaban talabijin. Lambobi na wucewa a ƙasa, nasu ja ne kusan kowace rana. Milind ya shiga wani zaure na waya inda masu jari a kamfanin ke ba juna haƙuri, wannan ya ce a riƙe, wancan ya ce shi ƙara saye ma ya yi, wani ya turo hoton jirgi cike da fitilu. Yana karanta mata da murya mai ƙarfi. "Ga ɗan'uwanki nan, Aai, wani tela a Surat. Ya ce matarsa ta koma gidansu, amma shi yana riƙe."

Da farashi ya kai ɗari da hamsin, aka ce jikanta na buƙatar ɗakin don jarrabawa, aka mayar da gadonta falo. Da ya kai ɗari, aka ce gadon ya tare hanya, aka kai shi baranda wajen injin wanki, aka rataya labule. Anagha ta daina tambaya. Takan dire kofi ta ce, "In ya huce, Aai, a Kolhapur an iya."

Ranar da wata shida suka cika, Indumati ta ɗaure kayanta tun safe, ta zauna a bakin gado da jakarta a cinya. Shirish bai zo ba. Da azahar Milind ya kira shi, ya buɗe muryar wayar don ta ji.

"Dada, ana mana fenti," in ji Shirish, haka yake kiran yayansa. "Warin zai dame ta."

"Fentin nan tun watan jiya."

"Kai ka fi daɗewa da ita lokacin da jarin ke ɗari uku, har wata takwas ka taɓa riƙe ta. Yanzu da ya koma sittin ka tuna da lissafi?"

"To zo ka ɗauki rabonka na sittin ɗin."

"Na bar maka, Dada. Babba ai babba ne."

Tana zaune tana ji. Da aka kashe wayar ta buɗe jaka, ta fito da takardar, ta warware ta a kan tebur. Lanƙwasar ta kusa yagewa. Ta ce wa Milind ya kawo biro, sunansa za ta rubuta, yanzun nan, a gaban matarsa. Milind ya ɗaga takardar ya duba gaba da baya, ya mayar, ya ɗora kofin shayinsa a kai.

"To a sayar," in ji ta. Muryarta ta yi ƙasa. "Na yarda. Kira dillalin."

"Yanzu? A'a, Aai. Riƙe abinki. Wa ke sayar da Lakshmi?"

Bayan kwana huɗu ya sa ta a jirgin Sangli, ya ce ta je ta ga ƙaninta ta sha iska mako biyu. Tikitin tafiya kawai ya saya. Ita kuwa matar mai sayar da tikiti ce, tun a tasha ta lura.

Haka ta zo gidanmu, ina da shekara goma sha takwas, na gama sakandare ina jiran sakamako. Baba ya ce, "Tai," wato yaya, "gidanki ne," ya kwashe buhunan shinkafa daga ƙaramin ɗaki. Mahaifiyata ba ta ce gidanta ne ba. A shekarun da jarin ke ɗari uku Atya ta taɓa zuwa biki ta ce miyar mahaifiyata ta 'yan haya ce, ita kuwa ba ta mantuwa. Ta ciyar da ita, ta wanke mata kaya, kuma duk baƙon da ya shigo sai ta ce, "Ku gai da mai jiragen ruwa, tana ciki."

Mako biyun ya zama shekara uku. Jakar kayanta ba ta taɓa warware ta duka ba, a ƙarƙashin gado take, a ɗaure. Idonta ya yi rauni, don haka ni nake duba mata farashi a wayar Baba, sau ɗaya da safe, sau ɗaya uku da rabi in an rufe. Ni ma na gaji da ita. Akwai ranakun da nake faɗa mata lambar daga bakin ƙofa ba tare da na shiga ba. Milind yakan kira ranar Diwali, minti biyu. Shirish yakan turo saƙo a ba ta.

A gidanmu ta rasu, cikin damina, jarin yana hamsin da ɗaya. 'Ya'yan sun zo, sun yi abin da ake yi, sun koma a jirgin yamma.

Wata biyu kafin nan, wata Talata, na shiga na ce mata yau ya hau da rupi huɗu. Ta sa na maimaita. Ta tashi zaune, ta gyara mayafin sarinta, ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ketaki, ki kira Milind. Ki tambaye shi lafiyar yara, ki yi ta hira, can tsakiya sai ki ce masa ya fara hawa. Kar ki ce ni na sa ki. In ya yi shiru, ki ce masa baranda ma ta ishe ni."