Ranar da Aka Tambayi Babana Ko Ni Ɗansa Ne

Shekarun baya hawan jini ya kayar da mahaifina a gonar masara. Baki ya tafi, jiki ya shanye, ido kawai ya rage. Ni ne ɗan fari, ni ke juya shi, ni ke masa wanka.

Rannan ƙanena, wanda ya yi boko mai zurfi, ya zo da wasu masu bincike daga jami'a. Wai suna gwajin wata hula mai wayoyi da ke sauraron ƙwaƙwalwa. Ni da karatuna ya tsaya a rabin sakandare na ce, yo hula ma kunne gare ta? Aka yi mini dariya.

Suka shafa masa wani mai a ka, suka ɗora hular, suka jona da kwamfuta. Matar da ke jagorantarsu ta ce in amsar e ce, ya raya a ransa yana dunƙule hannun dama, in a'a ce, hagu. Aka tambaye shi ko a Malumfashi yake zaune. Kwamfuta ta nuna e. Ko shinkafa yake nomawa. A'a. Ashe tsohon yana nan ciki, yana jin mu.

Sai matar ta nuna ni. "Baba, wannan ɗanka ne?"

A'a. Ta maimaita. A'a.

Na ce, "Hajiya, ni fa ɗan fari ne. Tunda nake bai taɓa kama sunana ba, 'wancan' yake ce mini. Gaban baƙi cewa yake ɗan yayansa ne ni. Alkunya ce. Nuna masa ƙanena ki gani."

Ta ce tsarinsu bai yarda a canja tambaya ba, kuma wanda ya kasa gane ɗansa ba a dogara da amsarsa. Ƙanena ya ja ni gefe, wai in rufa masa asiri da zancen ƙauye. Suka naɗe wayoyinsu suka kama hanyar Funtuwa. Ba su dawo ba. Kafin damina ta zagayo tsohon ya rasu.

Ban ce aikinsu na banza ba ne, da idona na ga hular ta yi magana. Tambaya ɗaya suka hana ni, ita ke cin raina har yau. Duk wanda na ce wa alkunya ce, da ƙarfina nake faɗa. Amma in na zauna ni kaɗai, ba ni da tabbas. Sau ɗaya a duniya aka tambayi babana a kaina, kuma a'a ya ce.