Ƙarar injin niƙana ce ta nuna musu gidana

Shekarun baya ni mai injin niƙa ne a wani ƙauye kusa da 'Yankara, ga gonar masara, ga iyali. Ba na shiga sabgar kowa, waya ma ba ta dame ni ba sai in zan kira mai kawo mini baƙin mai.

Wata safiya na je duba gona, sai na hangi babura jere gindin kuka a bakin hanya, 'yan bindiga suna hutawa. Na sulale na dawo. Washegari kasuwa ce, na san ta hanyar nan jama'a za su bi. Ina tsaye injin yana aiki na ɗauki saƙon murya na tura wa yayana, na roƙe shi ya gaya wa mutane baki da baki su canza hanya. Shi kuwa ya ga wahala ce, sai ya jefa saƙon cikin zauren 'yan garinmu na waya. Kafin azahar muryata ta kai Sabuwa da Ƙanƙara.

Ranar kasuwa ba wanda ya bi hanyar, ba a taɓa kowa ba. Ban gama hamdala ba wata baƙuwar lamba ta kira ni. Mutumin bai yi sallama ba, sai ya kunna mini muryata, ga injina a bayanta yana tarin nan nasa da duk garin ya sani. Ya faɗi sunana da na mahaifina, ya ce in gaida yara. Har yau abin yana cin raina, don cikin waɗanda na tserar ne wani ya miƙa masa lambata.

Daga nan mata suka daina aiko da niƙa. Maƙwabta suka koma gaishe ni daga nesa. Mai unguwa ya same ni yana sunkuyar da kai, ya ce in yi haƙuri in ɗan matsa kada in jawo wa gari. Na kwashi iyalina na bar masarata a tsaye.

Jama'a, abin da kuka faɗa wa waya ya fita hannunku, ba ku san kunnen da zai faɗa ba. In za ku ceci mutane, ku taka da ƙafa ku gaya musu. Damina da ta wuce wani ya turo mini saƙon nan nawa, bai san ni ne ba, wai wani bawan Allah ya ce a guji hanyar 'Yankara. Na goge shi, amma a wayata kaɗai ya gogu.