Kwalin da Yaya Mato Ya Jefar

Shekara ashirin Yaya Mato ya yi yana kiran fasinja a tashar motocin zuwa garin Sokode, ana jin muryarsa har bakin kasuwa. Shekarar da aka tashe mu daga tsohon Zango aka kai mu unguwar Agoè a bayan gari, ɓarin jikinsa ya shanye, maganar ma ta ɗauke.

Ni ce ƙanwarsa, jinyar a kaina ta faɗo. Na yayyanka kwalin sukari, malamin unguwa ya rubuta masa kalmomi da ajami: ruwa, koko, buta, magani. Na ƙarshen shi ne "Da sauƙi," saboda masu dubiya. Kowa ya shigo ya ce, "Ya jiki?" sai Yaya ya ɗaga kwalin, su ce "Alhamdulillahi," su kama gabansu. Shekara shida ana haka, har kwalin ya yi baƙi da dauɗar hannu.

Wata Juma'a, bayan baƙi sun watse, ya jefa kwalin nan cikin kwata. Na zazzaga masa faɗa, na ce ba ni da ƙarfin wannan rigima, ga wanki na jirana. Ido kawai ya zuba min.

Washegari na koma wurin malam da sabon kwali, na faɗa masa abin da zai rubuta. Sai da ya yi ta jan ƙafa, wai mara lafiya ba ya faɗin haka, kafin ya rubuta min: "Na gaji."

Yaya ya daɗe da yatsarsa a kan rubutun. Sannan ya kamo hannuna da hannunsa mai lafiyar, ya ɗora tawa yatsar a wurin.