Hannun Kawu, Sunan Sabuwa

Shekararta biyu a kamfanin, amma har yau Sabuwa ake ce mata, don tun da aka ɗauke ta ba a ƙara ɗaukar kowa ba. Wa ma yake zancen ɗauka? Sai dai ragewa. Aikinsu rubuta manhajar kwamfuta da ke tsara wa motocin dakon kaya hanya, ita ce kuma ƙaramar cikinsu, a shekaru da a matsayi.

'Yar mai gyaran rediyo da talabijin ce. A shagon babanta ta koyi abin, a kan wata tsohuwar kwamfuta da aka kawo gyara mai ita bai sake waiwayarta ba. Maɓalli ɗaya ya fita, sai da bakin biro take danna shi. Da idon Baba ya yi rauni aka rufe shagon, gidan ya koma kan aikinta. Umma kuwa ko mai sayar da gawayi ya tsaya a ƙofa sai ya ji labarin cewa 'yarta injiniya ce.

Injiniyar nan fa kullum da faɗuwar gaba take fita. Tun ranar da aka sallami mutum huɗu a yini ɗaya, ba ta ƙara sakewa ba. Idan ta kara katinta a ƙofar ofis, sai ta riƙe numfashi har 'yar fitilar ta nuna kore. Ita ke riga kowa zuwa, a kan teburinta take cin abinci, hutunta na shekara ko zancensa ba ta yi. Manaja ya wuce bai amsa gaisuwa ba, shi ke nan, ta samu abin saƙa da warwara har la'asar. Tsoro ne, tsoro tsagwaronsa, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa.

Kowace safiya da ƙarfe tara sukan tsaya a da'ira gaban farin allo, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya kakare masa. Sabuwa ta lura waɗanda aka sallama duk masu yawan cewa abu ya kakare musu ne. Ko haka ne ko ba haka ba ne, oho, ita dai ta riƙe. Daga nan amsarta ta zama ɗaya: "Babu."

Alhali akwai, har ya yi yawa. An ɗora mata kula da tsohon ɓangaren manhajar, wanda aka rubuta tun tana firamare. Ka taɓa nan, can ya rushe. Mutum ɗaya ne ya san cikinsa, wani mai furfura a gemu da ke teburin kusa da ita, wanda duk ofishin ke kira Kawu. Shi ba sai ta yi magana ba. Da ya ji maɓallanta sun yi shiru, sai ya turo kujerarsa mai taya.

"Matsa, 'yar nan. Kin zuba wa kwamfutar ido kamar za ta ba ki haƙuri."

Ya ja maɓallan gabansa, yana bugawa yana bayani da sauri, ita kuma tana gyaɗa kai tana cewa ta gane. Wallahi ko rabi ba ta ganewa, amma ina bakin sake tambaya?

To, a wannan sana'a duk gyaran da aka shigar, sunan mai kwamfutar da aka yi shi a kanta ne yake fita a jikinsa. Ta taɓa faɗa masa sau ɗaya.

"Kawu, sunana fa yake fitowa."

"To sai me? Motocin dai su kai kaya. Ni na gaji da ganin sunana."

Da farko a taron safe takan ce ita da Kawu suka gyara. Da jita-jitar wata sallamar ta yi ƙarfi, sai ta daina ambaton sunansa. Kawu yana tsaye da kofin shayinsa, bai taɓa ɗaga gira ba. Haka aka shafe wata bakwai.

Ranar wata Alhamis saƙon manaja ya shigo: ta same shi a ɗakin gilas. Ɗakin da ake shiga da kati a wuya a fito babu shi ke nan. Ta je ta zauna a bakin kujera.

Manaja ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa. Jerin gyare-gyaren tsohon ɓangaren ne na wata bakwai, sunanta tun daga sama har ƙasa.

"Gaskiya kin ba mu mamaki," in ji shi. "Daga sama an ce mutum ɗaya za a bari a wannan ɓangaren. Mun duba wanda yake aikin, ke ce. Daga Litinin yana hannunki."

"Kawu fa, Oga?"

Manaja ya kawar da kai, ya gyara takardun da ba su karkace ba.

Maganar tana nan a bakinta, ba ta fi kalma biyar ba. Ta hango Kawu ta gilas, yana can yana goge tabarau da gefen rigarsa. A ranta kuma ta hango Baba yana lalubar takalminsa a bakin ƙofa. 

"Na gode, Oga," ta ce.

Kayan Kawu ba su cika kwali ba: kofi, matashin da yake tokare baya da shi, hoton 'ya'yansa mata uku. Ta kasa haɗa ido da shi. Shi ya tsaya a kanta.

"Idan manhajar ta tsaya kada ki yi gaggawa, ki fara karanta abin da take ƙorafi a kai. Kina da lambata ai."

"Kawu, ni..."

"Riƙe kujerarki da kyau, 'yar nan."

Ya sani ne, ko bai sani ba? Har yau wannan tambayar ba ta bar ta ba. Lambar tana cikin wayarta, ta buɗe ta ya fi sau ashirin, ba ta taɓa dannawa ba. Ta ce masa me? Ya zo ya ci gaba da yi mata aikin da aka kore shi a kansa?

A gida da Umma ta ji an damƙa wa 'yarta ɓangaren, har da rawa a tsakar ɗaki. Baba ya bari ta gama, sannan ya juyo da fuskarsa wajen muryar 'yarsa.

"Shi wannan bawan Allah da yake koya miki, an bar shi?"

Ta ce bari ta duba tukunya.

Litinin da sassafe, tun kafin kowa ya iso, tsohon ɓangaren ya tsaya cak. Jan rubutu ya cika mata fuskar kwamfuta, ta karanta sau uku ba ta fahimci inda ya dosa ba. Ba ta san lokacin da ta matsar da kujerarta gefe ba, ta bar wuri kamar yadda ta saba. Babu kujerar da ta gangaro.

Ƙarfe tara suka tsaya gaban allo. Da'irar ta ƙanƙance, layi ya zo kanta da wuri. Manaja ya dube ta da murmushi.

"Sabuwa, akwai abin da ya kakare miki?"

"Babu," ta ce.