Bangon da Suka Shafe wa Malam Ummaru

Ana sallame sallar asuba muka bar Gusau, mu uku a tsohuwar motar abokina, za mu Talata Mafara ta'aziyyar Malam Ummaru. Hanyar kun santa, rami ya sake ka shinge ya karɓe ka, kowa a mota bakinsa na motsi da addu'a. A Maru muka sayi hoce, wainar dawa da ake gasawa, muka karya. Ya ƙanƙance har sai ka duba tafin hannunka da kyau kafin ka gan shi, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Ummaru ma'aikaci ne a wani ofishin hukuma a garin, ba zan kama suna ba. Shi ke rubuta allunan sanarwa. Shekara shida muna ofis ɗaya kafin a mayar da ni Gusau. In an tashi aiki sai ya ɗaura kayan fentinsa a babur ya shiga ƙauyuka, yana zane a bangon asibiti da makaranta saboda waɗanda ba su iya karatun boko ba. Ba wanda ya aike shi, kuma bai taɓa sa sunansa a ƙarƙashin zane ba.

Bayan doguwar gaisuwa a zaure, aka shigar da ni wajen Inna, matarsa, tana takaba. Ta ce, "Ɗana, shekara talatin shina hita wurin zanen ga, ban taɓa ganin abin da yaka yi ba. Yanzu ko ba ni da halin hita. Ɗauko man hoton ko guda in gani." Na ce kafin la'asar zan cika mata waya da hotuna. Cika baki na yi.

Muka fara da bangon ofishinmu na da, inda babban aikinsa yake: manoman rani suna ban ruwa a shinkafa, balbelu na bin su. Wata biyu ya yi yana zana shi. Muka tarar da bangon fari fat, fenti ko gama bushewa bai yi ba. A daidai inda manoman suke an rataya ƙaton ƙyalle mai hoton Malam Ummaru, an rubuta an yi babban rashi. Maigadi ya ga na daskare, ya ce, "Ai manya za su zo ta'aziyya, shi ya sa anka ce a gyara wuri. Don girmama shi anka yi."

Wallahi raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Na san halinmu, in babba zai zo komai sai an shafe shi da fari, bango, duwatsun bakin titi, har gindin itace. Amma a ce cikin duk waɗanda suka zauna suka yanke wannan shawara babu mutum ɗaya da ya tuna wanda ya zana bangon? Kullum a gabansa suke ajiye motocinsu.

Muka kama hanyar Bakura. Gefen titi kore shar, kwandunan tumatir da albasa a jere, araha kamar a ce ɗauka. A wani ƙaramin asibitin ƙauye ya taɓa zana uwa tana haɗa wa ɗanta ruwan gishiri da sukari, mataki mataki. Yanzu fastocin 'yan siyasa ne a kai, na bana a kan na bara, kowa yana murmushi. Muka gwada ɓanɓarewa, fentin ya biyo takardar. Abin da ya rage hannun matar ne riƙe da cokali. Mai furar da ke ƙofar asibitin ta ce a wannan bangon ta koyi awon, kuma da shi ta yi jinyar 'ya'yanta uku. Na sha furarta, mai kyau ce.

Maradun sai da muka yi shawara kafin mu shiga, don hanyar ba ta son yamma. Duk motar da muka yi kiciɓis da ita sai direbanmu ya ɗaga hannu ya ji ko gaba lafiya. Makarantar da na san ya yi zane a katangarta, an rushe katangar an yi sabuwa. Har mun juya, wani dattijo makiyayi da ya ji muna ambaton mai fenti ya ce mu biyo shi. Ya kai mu mashigin wani rafi, ya nuna ginshiƙin tsohuwar gada da ta karye. Jan layi ne guda ɗaya, faɗinsa kamar tafin hannu. Ya ce duk shekara kafin ruwan farko Malam ke zuwa ya sabunta shi, in ruwa ya taɓa layin ba mai tsallakawa, mutum ko saniya. Shi kaɗai na samu na ɗauki hotonsa.

Da kunya na miƙa wa Inna wayar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wanga jan na san shi. Shi nika wankewa ga rigunanai ina ta faɗa." Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "To baɗi wa za ya ja shi?"

Mun shigo Gusau ana kiran magariba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne mun iya ta'aziyya ƙwarai, ƙyalle da rumfa da jawabi, amma aikin da mutum ya bari ba ma ko ganinsa, kuma har da ni, don shekara nawa ban leƙa bangon nan ba. Da nake sauke kaya na ga abin da Inna ta sa aka jefa mini a bayan mota: ragowar jan fenti da burushi ɗaya. Ni ban iya zane ba. Amma layi ɗaya ne, kuma saura wata huɗu ruwa ya sauka.