Hoton Da Ba Mu San Inda Aka Ɗauke Shi Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Ɗanladi a Kamaru, kuma har yau ban gama jera hotunansa ba.

Ƙanin mahaifiyata ne. Ya fara da hotunan biki a Lafiya, daga baya ya koma bin ƙauyukan da aka ƙona a wajen Agyaragu yana ɗaukar abin da ya rage. Da wasu mutane suka fara zuwa gida suna tambayarsa, sai ya tsallaka iyaka. Bai dawo ba. Akwatin hotunansa ne ya dawo.

Kawu ba ya rubuta komai a bayan hoto, don kada a bi sawun kowa. Ni kuwa ɗaliba ce mai son komai da sunansa. Na raba hotunan kashi biyu, na gida da na gudun hijira, saboda a makaranta an ce za a baje su, kowanne da bayaninsa.

Ɗaya ya gagare ni: wata mata ta juya baya, ta duƙa da garma a gonar doya, ga mangwaro a gefe. Kakata Inna, mahaifiyarsa, tana gani ta ce ita ce, a gonarmu ta Kwandere. Tun ranar yake cikin ɗakinta.

Sai maƙwabcinmu Baba Audu, tsohon manomi, ya duba ya yi dariya.

"Ke 'yar boko, duba garmar mana! Wa ke yin ƙota doguwa haka a nan? Wannan ba ƙasarmu ba ce."

Na rasa abin yi. In na rubuta Kwandere, wataƙila ƙarya na yi da sunan mutumin da ya bar gida saboda gaskiya. In na rubuta Kamaru, na ƙwace wa Inna hotonta. Yanzu in an ɗauki hoto, waya ke ajiye wuri da lokaci da kanta. Ban sani ba ko Kawu zai ji daɗin haka, ko tsoro zai ji.

Kwana uku ina juya maganar kafin na faɗa wa Inna, ina kallon ƙasa. Ta daɗe tana duban hoton.

"Na ga garmar tun ranar farko," ta ce. "Ko ba ni ba ce, ni yake kallo da ya ɗauka."

Takardar bayanin na nan a jakata. Sunan wuri ban cike ba, kuma ban san ko zan cike ba. A ƙasan hoton dai na rubuta: Inna.

Allah ya jiƙan Kawu.