Rabin Saƙon da Na Kai wa Kawu

Shekarun baya, ina aji biyu a sakandare, kawuna ya dawo Kwatarkwashi bayan shekara talatin a Amurka. Damina ce. Na tuna akwatunansa suna ƙamshin wani sabulu da ban taɓa ji ba. Kowace safiya yakan tsaya a ƙofar gida da kofin shayi marar sukari, yana kallon yadda gajimare ke kwanciya a kan dutsen garinmu, kamar yana tsoron in ya ƙifta ido za a ɗauke masa shi.

Ya ce wa mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, zai gwada zama zuwa girbi. In garin ya karɓe shi, shi ke nan. In bai karɓe shi ba, ya koma. Tun daga ranar ta tsawaita addu'arta.

Ni kuwa a lokacin kunya ce sana'ata. In babba ya yi mini magana, yatsun ƙafata nake ba amsa.

Akwai amininsa na ƙuruciya, manomi, wanda suka yi kiwon awaki tare a gindin dutse. Ya zo yi masa maraba ranar farko, ya tarar yana barci da rana tsaka, don jikinsa bai saba da lokacinmu ba tukuna. Saura Kawu ya rama ziyara. Da yake gidan mutumin a hanyar makarantarmu yake, sai Kawu ya ba ni saƙo.

"Ki tambaye shi ko zan iya zuwa ranar Alhamis da ƙarfe huɗu. In bai yi masa ba, ya faɗi lokacin da ya fi."

Na same shi a zaure yana wasa fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi saƙon a hankali. Ya dakata.

"Alhamis? Ƙarhe huɗu? Ɗiyata, gidan wanga ofis na ko asibiti? Je ki ce mai ban da lokaci!"

Daga cikin gida matarsa ta ɗaga murya: "Kwano guda kuka ci tuwo, Malam, yau kuma sai da izini? Ai baƙo ka neman izini!"

Da na dawo, bakina ya kasa ɗaukar maganar duka. Ta yaya zan dubi Kawu in ce ya yi kuskure? Sai na ce, "Ya ce ba shi da lokaci." Ya gyara agogon hannunsa, ya ce, "To, na gane."

Mako uku ina ɗauke da sauran saƙon. Ina ganin Kawu ya rage tsayuwa a ƙofar gida. Ina ganin ya je Gusau ya dawo da wata takarda mai hoton jirgin sama ya cusa a aljihu. Rannan na leƙa ɗakinsa zan ɗauko tsintsiya, na ga an sauko da babban akwatin daga kan kwaba, an buɗe. Ƙamshin sabulun nan ya sake cika ɗakin. Mahaifiyata tana tankaɗe a tsakar gida, gari yana zuba a ƙasa ba ta lura ba.

Washegari an kwana ana ruwa. Na sa hijabin makaranta, na iske Kawu a ƙofa. Dutsen ya yi baƙi wuluk, yana sheƙi. Na dubi yatsuna na ce:

"Kawu, amininka ba lokaci ya rasa ba. Cewa ya yi gidansa ba ofis ba ne. Matarsa ta ce baƙo ke neman izini."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya fashe da dariya har shayin ya zube masa a riga, daga baya ya share ido da bayan hannu. "A can, in ka faɗo wa mutum ba sanarwa, kai ne mai laifi," in ji shi. "Ashe ladabin nawa zagi ne."

Ya cire agogon ya ajiye a kan dakali, ya ce in wuce gaba. Muka bi ta cikin gero, raɓa tana jiƙa mana ƙafa. Amininsa yana sunkuye a gona yana noma. Kawu ya yi sallama. Mutumin ya amsa bai ko ɗago ba.

"Ba'amurke, ka makara. Ga fartanya can."

"Da shekara talatin kawai," in ji Kawu, yana naɗe hannun riga.

Ranar ni ma na makara, na sha bulala biyu, ban ko ji zafinsu ba.

Kawu bai koma Amurka ba. Yanzu shi ne mai faɗo wa mutane da hantsi, ya zauna har azahar. Ni dai har yau ina da kunya, amma ban ƙara gutsure saƙo don ya yi mini sauƙin faɗa ba. Wani lokaci in aka yi ruwa da safe, nakan tuna agogon nan shi kaɗai a kan dakali yana ta tafiya, babu wanda ke tambayarsa ƙarfe nawa.